Ranar Kanti da Ƙashin Kunkuru

A Hamm, wani gari a yammacin Jamus, akan ci babbar kasuwar dabbobi masu jan ciki ta Turai. A irin waɗannan kasuwanni, daga Jamus zuwa Ingila har Amurka, da wuya a rasa wani ɗan kunkuru mai launin rairayi wanda bai cika tafin hannu ba. Masana na kiransa Centrochelys sulcata. Asalinsa kudancin bakin Sahara ne, daga Senegal da Muritaniya, ta Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi, har Sudan da Habasha. Shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Ƙasaitaccen namiji kan wuce kilo 50, kuma yakan kai shekara 70 a duniya. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta rufe fataucin wanda aka kamo a daji zuwa ƙetare, a shekarar ce kuma Amurka ta hana shigo da shi saboda kaskar da ke zuwa a jikinsa, mai ɗauke da wata cuta da ke kashe shanu da tumaki. Don haka yawancin waɗanda ake sayarwa yau a can aka ƙyanƙyashe su. Wurin haihuwa Arizona ne ko Florida, amma jiki na Sahel ne, kuma jiki bai san an yi ƙaura ba.

Ba shi kaɗai ya yi wannan tafiya ba. Damo na fita daga Ghana da Togo da Benin, haka ma ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, wadda aka yi jigilar miliyoyinta cikin 'yan shekarun da suka wuce. Har ƙadangaren hamada mai ƙayar wutsiya, wanda Larabawa ke kira dabb, da ake samu a duwatsun Azbin, ya shiga ɗakunan Turawa. Wanda ya sayi ɗaya daga cikinsu yakan koma gida da akwatin gilashi da kwanon ruwa da ledar abinci, yana ganin ya gama sayayya. Abin da ya kawo gida rabin dabba ne. Sauran rabin ita ce ranar da aka gina wannan jiki a ƙarƙashinta, ita kuwa ba a sa ta a jirgi. Duk wanda ya raba mai jan ciki da rana ya ci bashinta, kuma fitilar da ake saya don biyan bashin magani ce mai ƙa'ida da awo, ba ta cikin kayan ado. Kasuwar kuwa har yau tana sayar da ita kamar kayan ado.

Hasken rana ba abu guda ba ne. Bayan launukan da ido ke gani akwai wani sashe da ake kira ultrabayolet, wanda aka kasa uku bisa tsawon zangonsa. UVA na tsakanin nanomita 315 da 400, UVB tsakanin 280 da 315, sai UVC da ke ƙasa da haka, wanda ke ƙona duk wani abu mai rai, wanda kuma shimfiɗar ozon ke tarewa tun daga sama. Ɗan siririn yanki na UVB da ke isowa ƙasa shi ne ke aikin da ake magana a kai. A cikin fata akwai wani sinadari ɗan'uwan kolestarol. Idan UVB ya same shi sai ya sauya siffa ya zama mafarin bitamin D3, ɗumin jiki kuma ya ƙarasa mai da shi bitamin ɗin sosai. Daga nan jini ya kai shi hanta ta sarrafa, ƙoda ta sake sarrafawa, sannan ya zama abin da ke ba hanji izinin tsotsar kalsiyam daga abinci. In babu shi, ko da an cika kwanon dabba da kalsiyam, yawancinsa zai bi ta hanji ya fice kamar yadda ya shiga.

A matakin ɗumi ne mai jan ciki ya bambanta da akuya ko mutum. Jikinsa ba ya samar da ɗumin kansa, sai ya aro daga waje. Ƙadangaren da ke kwance kan katanga yana shan hantsi ayyuka biyu yake yi a zama ɗaya: yana karɓar UVB, yana kuma ɗaga zafin jikinsa zuwa inda sarrafa abin zai yi sauri. A daji zafi da haske da UVB daga wuri ɗaya suke saukowa, a lokaci ɗaya. A cikin akwati kuwa mai kiwo yakan sa fitilar ɗumi a wannan kusurwa, ta UVB a waccan, sai dabba ta bi ɗumi ta kwanta inda babu UVB ko kaɗan. Kuskuren jera kaya ne kawai, amma sakamakonsa ɗaya da na wanda bai sayi fitilar ba.

Sakamakon ba ya zuwa da hayaniya. Jini ba ya yarda kalsiyam ɗinsa ya ragu, domin da shi zuciya ke bugawa, da shi jijiyoyi ke aiki. Idan hanji ya daina kawowa, wasu ƙananan halittu a wuya da ake kira faratayirod sukan ba da umarni a ciro daga ƙashi. Jiki ya shiga cin jarinsa. Bayan watanni muƙamuƙin ƙadangare ya yi laushi har ya kasa kama abinci, ƙafafu su kumbura, gadon baya ya karkace, yatsu su riƙa rawa, ƙashi ya karye ba tare da an buge shi ba. Ƙoƙon ɗan kunkuru, wanda ya kamata ya taurare, sai a danna shi ya lotsa kamar ɗanyar ƙwarya. Mace kan kasa fitar da ƙwanta ta mutu da su a ciki. Wannan ciwo na cikin waɗanda likitocin dabbobi a Turai da Amurka suka fi gani ga masu jan ciki na gida, kuma abin da ya karkace ba ya miƙewa ko an warke. Ba a banza Bahaushe ya naɗa damo sarkin haƙuri ba. Kare kan yi kuka, kyanwa kan ƙi abinci ta sa a lura, amma mai jan ciki yakan yi shiru har sai abu ya ƙazanta, mai shi kuwa yana fassara shirun da lafiya.

Ilimin ba sabo ba ne, kuma gidan namun daji na cikin wuraren da aka fara hango shi. A 1889 wani likita, John Bland-Sutton, ya duba 'ya'yan zakin gidan namun daji na Landan da ke mutuwa da laushin ƙashi bisa cin jan nama zalla. Da aka haɗa musu da dakakken ƙashi da madara da man hantar kifi, sai suka miƙe. A zamanin, hayaƙin kwal ya rufe biranen Ingila, ciwon laushin ƙashi kuma ya cika unguwannin ma'aikata da yara masu lanƙwasassun ƙafafu. A 1919 Kurt Huldschinsky, likitan yara a Berlin, ya warkar da irin waɗannan yara da fitilar zaiba, har ya nuna cewa haska hannu ɗaya na gyara ƙashin ɗaya hannun, alamar fata ce ke ƙera wani abu jini ya raba shi. Shekara uku bayan haka Elmer McCollum ya raɗa wa abin suna bitamin D. Fitilar da ake ratayawa a kan kunkuru yau jikanyar fitilar Huldschinsky ce, wadda a asibiti aka fara amfani da ita, ƙarƙashin idon likita.

Mai kiwo a arewacin duniya ba shi da mafita sai fitila, kuma dalilin lissafi ne. A 1988 Michael Holick da abokan aikinsa sun nuna cewa a Boston, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hasken rana ba ya iya ƙera bitamin D3 a fata sam. A Edmonton ta Kanada, wadda ke kan layi ɗaya da Manchester, tazarar ta kama daga Oktoba har Maris. Rana na fitowa, amma ta karkata ƙwarai, har UVB ɗinta ya ƙare a hanya. A ma'aunin UV da hukumomin yanayi ke amfani da shi, tsakar ranar Landan a Disamba ba ta kai 1 ba, ta Kano kuwa a wasu watanni takan wuce 11. Ko da bazara ma, ajiye akwati kusa da taga ba ya tsinana komai, domin gilashin taga na barin haske da zafi su wuce amma yana tare kusan dukkan UVB. Kunkurun da ke kwance bayan taga cikin hasken rana, a wajen ƙashinsa, a duhu yake.

Matsalar fitilar ita ce idon mutum ba ya ganin abin da aka saya dominsa. Dogon ƙwan lantarki na T5 ko T8, ko ƙwan zaiba mai haɗa zafi da UVB, duk suna rage fitar da UVB a hankali tun daga makonnin farko, alhali farin haskensu na nan daram. Bayan wata shida ko shekara, gwargwadon irin ƙwan, mai kiwo na iya kallon akwati fes da haske, yana yi wa rogo kallon kitse. Nisa ma na cin rabonsa: ƙwan da ke bayar da abin da ake buƙata a tazarar santimita 30 zai iya zama hoto a santimita 60. Ragar waya da ake rufe saman akwati da ita na tare wani kaso mai yawa, murfin roba ko na gilashi kuwa ya tare kusan duka. Lambobin da ke jikin kwali, 5.0 da 10.0 a wajen Zoo Med, kashi 6 da kashi 12 a wajen Arcadia, suna faɗin wane kaso na hasken ƙwan ne UVB. Ba sa faɗin abin da zai sauka a bayan dabbar da ke wata tazara. Sannan akwai ƙwayayen ɗumi da ake sayarwa da sunan hasken rana cikakke, waɗanda ɗan UVA kawai ke cikinsu. Araha ba ta ado, amma a nan tsada ma ba shaida ba ce.

Wanda ya ce to a sayi mafi ƙarfi a huta, shi ma ya ɓata. A tsakiyar shekarun 2000 masu kiwo a Ingila da Amurka sun fara kai ƙadangaru da kunkuru asibiti idanunsu a rufe, a kumbure, sun daina cin abinci, wasu da ƙuna a fata. Da aka auna, sai aka gano wasu ƙananan ƙwayaye masu murɗiya da suka shigo kasuwa suna fitar da haske mai gajeren zango, irin wanda ozon ke tarewa, wanda babu dabbar da ta taɓa gamuwa da shi a daji. Ciwon idon daidai yake da wanda mai walda ke kwana da shi in ya yi aiki ba tabarau. A 2009 wata mujallar likitancin namun daji ta wallafa bayanin irin wannan ƙuna ga ƙaramar mesa da wani ƙadangare mai shuɗin harshe. Masu waɗannan dabbobi ba sakaci suka yi ba, shawara suka bi, suka guji gara suka faɗa gidan zago. Babu yadda za su gane daga jikin kwali.

Amsar tambayar nawa ne daidai ta fara fitowa ne daga wani aiki mai sauƙin bayani, mai wuyar yi. Gary Ferguson na jami'ar Texas Christian da abokansa sun bi macizai da ƙadangaru iri 15 a kudanci da yammacin Amurka da Jamaika, duk inda suka tarar da dabba sai su auna ƙarfin UV a daidai inda take kwance. Sakamakon, wanda ya fito a mujallar Zoo Biology a 2010, ya kasa su rukuni huɗu. Na farko masu inuwa da masu fita da almuru, waɗanda matsakaicin abin da suke samu bai wuce 0.7 ba. Na biyu masu shan hantsi jefi-jefi, 0.7 zuwa 1.0. Na uku 1.0 zuwa 2.6, na huɗu kuma masu kwanciya a tsakar rana, 2.6 zuwa 3.5, ko da yake an auna wasunsu a wurin da ya kai 9.5. A 2016 Frances Baines, wata likitar dabbobi a Birtaniya, tare da ma'aikatan gidajen namun daji na Birtaniya da Ailan, suka faɗaɗa wannan rabo zuwa iri 254, suka fitar da jagora da kowa zai iya saukewa kyauta. A can aka sa tsakar Pakistan mai ɗigo-ɗigo a rukunin ƙasa, ƙadangaren hamada mai ƙayar wutsiya a na sama.

Abin lura a waɗannan lambobi shi ne ƙanƙantarsu. Dabbar da ke zaune inda rana ke kai 11 ba ta shan 11. Takan fito da hantsi, ta koma inuwa, ta leƙo, ta shige rami. Kunkurun Sahel kan haƙa rami mai tsawon mitoci ya yini a ciki lokacin zafi, ya fito kiwo da safe da la'asar. Wato dabba ita ke auna wa kanta. Ferguson ɗin nan ya nuna haka tun 2003 da hawainiyar Madagaska: waɗanda aka rage wa bitamin D3 a abinci sun fi daɗewa a ƙarƙashin UV, waɗanda aka wadata kuwa suka rage. Dabbar da ake ɗauka ba ta da wayon komai ta san abin da jininta ya rasa, ta kuma san inda ake samunsa. Aikin mai kiwo ke nan ya shimfiɗa mata gangare, daga wuri mai ƙarfin haske da zafi a gefe ɗaya har zuwa cikakkiyar inuwa da maɓuya a ɗaya gefen, ya bar mata zaɓi. Akwatin da aka haske ko'ina bai ɗaya ya ƙwace wannan zaɓi kamar yadda akwati mai duhu ya ƙwace shi.

Akwai masu musu, kuma ba dukkan hujjarsu ce ta banza ba. Wasu tsofaffin masu kiwo na cewa garin bitamin D3 da ake barbaɗawa a abinci ya isa, sun kuma yi shekaru suna haka. Amsarsu kashi biyu ce. A 2010 Dennis Oonincx da abokansa a Holan sun gwada 'ya'yan ƙadangaren Ostireliya mai gemu, suka ga sa'a biyu ta UVB a kullum ta ɗaga bitamin ɗin a jini zuwa inda ake so, alhali wanda aka ba su ta baki bai kai su ko kusa ba. Kashi na biyu ya fi nauyi. Fata na da birki: idan mafarin bitamin ya taru, hasken da ya ƙera shi ne ke juya rarar zuwa wasu sinadarai marasa wannan aiki, don haka rana ba ta cika jiki da shi har ya zama guba. Cokali ba shi da birki. In an zarce, kalsiyam kan taru a ƙoda da jijiyoyin jini ya daskare, kuma ga yawancin irin waɗannan dabbobi masu barbaɗawa kirdado suke yi.

Hujjar masu macizai ta fi ƙarfi. Maciji na haɗiye ɓera ɗungurungum, da hantarsa da ƙashinsa, ya samu bitamin da kalsiyam a dunƙule. An hayayyafa macizai tsara bayan tsara a cikin aljihunan roba ba tare da wata fitila ba. Binciken ma ya rabu: a 2008 an ga macijin masara na Amurka ya ƙara bitamin D a jini da aka ba shi UVB, a 2013 kuma wani gwaji a Edinburgh bai ga irin wannan ƙari ga ƙaramar mesar Afirka ta Yamma ba. Gaskiya ne, ba kowane mai jan ciki ne zai mutu don rashin fitila ba. Sai dai rashin mutuwa ma'auni ne na mai sayarwa. Masu jan ciki da yawa na ganin UVA a matsayin launi na huɗu da mutum ba shi da shi, da shi suke gane juna da abinci. Wanda aka tsare a hasken da babu UVA yana rayuwa ne a duniyar da aka zare wa launi ɗaya. Ba da ɗan UVB mai rauni a kusurwa ɗaya tare da maɓuya ba ya cutar da mesa, kuma ya bar mata abin da take da shi a gonakin Togo, wato damar leƙowa in ta ga dama.

Haske kuma ba ya maye gurbin abinci, kuma mafi kyawun shaida kan haka daga Jos ta fito. A garin da rana ba ta yankewa, likitoci sun yi ta ganin yara da laushin ƙashi. Tom Thacher da abokan aikinsa suka gwada yara 123, suka wallafa sakamakon a New England Journal of Medicine a 1999: waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Rana ta yi nata, tukunya ce ta gaza. Haka abin yake a akwati. Gyare da tsutsar da ake ba ƙadangaru fosforas ya fi yawa a cikinsu, alhali abin da ake nema shi ne kalsiyam ya ninka fosforas wajen sau biyu. Kunkurun Sahel mai kiwon ciyawa ne, busasshiya da ɗanya, amma a ɗaki sai a ɗora shi kan latas da ayaba da tumatir. Murhun duwatsu uku gare shi, haske da ɗumi da kalsiyam, kuma fitila mafi tsada dutse ɗaya ce.

Daga nan batun ya koma na kuɗi, inda kasuwar ta fi ɓoye fuskarta. Hanya ɗaya tak ta sanin abin da ƙwai ke fitarwa ita ce a auna, na'urar da masu kiwo da gidajen namun daji suka dogara da ita kuwa, Solarmeter 6.5, takan fi ɗan kunkurun kansa tsada. Sai ƙwan da za a riƙa sauyawa aƙalla shekara-shekara, da kuɗin wutar da za ta yini a kunne, ga dabbar da za ta iya binne mai ita. Kunkurun da ya fara a akwati zai buƙaci ɗaki guda kafin ya shekara goma sha biyar, shi ya sa wuraren karɓar dabbobin da aka gaji da su a Amurka suka cika da irinsa. Farashin gaskiya na ɗan kunkuru ya haɗa duk wannan, kuma mai kanti ya sani. In ya faɗa, ciniki zai ragu, raguwar kuwa alheri ce.

Doka ta taɓa batun amma ba ta kama shi ba. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 a Ingila da Wales ta ɗora wa mai dabba alhakin samar mata muhallin da ya dace, ƙa'idojin lasisi na 2018 kuma sun wajabta wa masu sayarwa a Ingila su ba mai saye bayanin kula da abin da ya saya. Norway ta hana kiwon masu jan ciki tun 1977, da ta buɗe a 2017 iri 19 kawai ta halatta. Amma ƙwan kansa, wanda lafiyar dabba ta rataya a kai, babu wata ƙa'ida ta bai ɗaya da ta tilasta a rubuta abin da yake bayarwa. Gyaran ba mai wuya ba ne. Kowane kwali ya ɗauki jadawalin ƙarfin UV a tazara daban-daban, wanda wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya auna, da adadin watannin da lambar za ta tsaya. Kamfanoni masu mutunci sun fara buga irin wannan jadawali da kansu, abin da ke nuna sauran ba gazawa ce ta hana su ba. Kantin da ke sayar da dabba kuma ya ajiye na'urar awo, mai saye ya kawo ƙwansa a duba masa, kamar yadda ake duba iskar taya. Buƙatar ta ƙaru yanzu da Tarayyar Turai ta fara janye dogayen ƙwayaye masu zaiba daga kasuwa tun 2023, ko da yake ta ɗaga wa na UV ƙafa na wani lokaci. Masu LED sun fara shigowa, masana kuma na gargaɗin cewa wasunsu na fitar da siririn zangon da ke ƙera bitamin ba tare da zangon da ke taka masa birki ba. Darasin ƙwayaye masu murɗiya bai daɗe ba.

Duk wannan wahala ta wanda ba shi da rana ce. Abin takaici shi ne yadda hoton akwatin gilashi, da fitilunsa da duwatsun roba, ke yawo a YouTube da Instagram har ya zama shi ne siffar kiwo na wayewa, mai sha'awa a Abuja ko Kano ko Yamai ya kwaikwaya. Kunkuru ba baƙo ba ne a gidajen Hausa. An daɗe ana ajiye shi a tsakar gida, yana yawo tsakanin rijiya da gindin bishiya, yana kiwon abin da ya tsiro, yana tsufa tare da masu gida. Ba a san sunan UVB ba, amma ƙashinsa bai taɓa rasa shi ba. Ɗauke shi daga nan a kai shi bene mai tayil da na'urar sanyaya ɗaki, a saya masa ƙwai daga ƙetare wanda ba a da abin auna shi, a ƙasar da wuta kan ɗauke ta yini ba ta dawo ba, sayen matsalar Manchester ne da kuɗin Kano. Ga kuma wata tambaya da ke gaban ta fitila: hukumar IUCN ta sa kunkurun Sahel cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa a daji, kuma kama shi don sayarwa na cikin dalilai, saboda haka wanda aka tallata a bakin hanya ya cancanci a tambayi inda ya fito.

Wanda ya riga ya mallaka, abin da ake buƙata fili ne a waje, ko da ɗan shinge ne a barandar da hantsi ke shiga kai tsaye ba ta gilashi ba. Amma ranar Sahel na kisa da sauri fiye da rashinta. Akwatin gilashi ko bahon roba da aka fitar rana yakan zama tanda cikin mintoci, ɗan kunkuru kuwa ba ya gumi, ba ya iya tserewa. Dole rabin wurin ya zama inuwa mai kauri a kowane lokaci na yini, har da lokacin da rana ta juya, da ƙasa mai laushi da zai haƙa ko maɓuya mai ɗan danshi, da ruwa a faffaɗan kasko marar zurfi wanda zai shiga ya fita. Da hunturu, 'yan ƙanana na buƙatar wurin kwana mai ɗumi. Katanga ta zama mai tushe a ƙasa, domin babban kunkuru na haƙa ta ƙarƙashi, yana kuma ture abin da bai kafu ba. 'Ya'yan kuwa abincin shaho da hankaka da gafiya ne, sai a rufe samansu da raga mai faɗin ido, wadda za ta hana tsuntsu sauka ba tare da ta tare hantsi ba.